Wace taya ce za ta kai mota mai ɗaki Kano daga Legas?

Usman Idi-Araba:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Shawarar masana taya nake nema. Mota ce Fiat Ducato ƙirar 2015, irin wadda Turawa ke yi wa ɗaki a baya, da gado da kicin da banɗaki da tankin ruwa. Daga Jamus ta shigo ta tashar jiragen ruwa ta Tin Can a Legas, maigida kuma yana so a tafi da ita Kano da iyali. Tayoyin da ke jikinta an rubuta 215/70 R15 CP 109Q. Zanensu fes, kamar ba a taɓa hawa ba, sai dai akwai 'yan tsage-tsage ƙanana a gefe. Wani ya ce a bar su. Wani mai taya kuma ya ce a sa mata tayar Hiace, 195 R15C, tunda wilin 15 ne kuma ita ake samu ko'ina. Wanne za a bi?

Malam Isa Mai Faci:
Wa alaikumus salam. Duba gefen tayar inda aka rubuta DOT. A ƙarshen layin akwai lambobi huɗu cikin wani ɗan zagaye, turo mana su. In ba ka gan su ta waje ba ka leƙa ta ciki, galibi a fuska ɗaya ake buga su.

Usman Idi-Araba:
Uku 3716, ɗaya 3616.

Malam Isa Mai Faci:
To magana ta ƙare a kan waɗannan. Lambobi biyun farko mako ne, na ƙarshe shekara. Mako na 37 na 2016 ke nan, sun doshi shekara goma. Zanen nan kada ya ruɗe ka. Irin wannan mota yawancin rayuwarta a tsaye take yi, wata da watanni ƙarƙashin rana da cikakken nauyinta a kan wuri ɗaya, saboda haka tayarta ba suɗewa take yi ba, bushewa take yi. Tsagar da ka gani a gefe roba ce ta mutu. Ruwa na bi ta nan ya kai ga wayoyin ƙarfen da ke ƙarƙashin zane, su yi tsatsa, ranar da ta ɗauki zafi a hanyar Ibadan sai zanen ya ɓallo gaba ɗaya. Kuma a mota mai ɗaki ɓarnar ba ta tsayawa a taya, ɓallen robar yana dukan ƙasan ɗakin ya fasa bututun ruwa, wani lokaci har da na gas da wayoyin wuta.

Alhaji Garba Mai Taya:
Ɗana Usman, wanda ya ce a bar su ya yi kuskure, wanda ya ce a sa ta Hiace kuma ya fi shi. A taya girma daban, ƙarfin ɗaukar kaya daban, kuma shi ƙarfin ne ake saye. Wannan 109 ɗin da ka karanto shi ne lambar lodi, kilo 1,030 ke nan kowace taya. Harafin Q kuma iyakar gudu ne, kilomita 160 a awa. Tayar Hiace da ta cika kasuwa 106/104 ce, wato kilo 950 in tana ita kaɗai a gefe, 900 in an haɗa ta tagwaye. Motarku ƙafa ɗai-ɗai ce a baya, lambar farko ce taku.

Yanzu buɗe bonet, akwai ɗan farantin ƙarfe a gaban inji mai layukan nauyi. A Ducato mai tan uku da rabi abin da aka saba gani 3,500 ne jimla, sai layi mai lamba 1 ya ce 1,850, wato ƙafafun gaba, mai lamba 2 ya ce 2,000, ƙafafun baya. Tayar Hiace biyu kilo 1,900 ne. Ka ga tun ba a loda ko buhun shinkafa ba ta gaza abin da aka ƙera bayan motar ya ɗauka da kilo ɗari. Za ta hau wilin lafiya lau, motar ta tashi, har ta kai Berger a mafitar Legas ba ka ji komai ba. Can wajen Jebba, rana tsaka, ake gane bambancin.

Usman Idi-Araba:
Haka yake Alhaji, 1,850 da 2,000. Amma akwai wata takarda manne a gefen ƙofa ita ma mai lambobi.

Injiniya Habibu:
Ta kamfanin da ya gina ɗakin ce. In lambobinta sun saɓa da na Fiat, nata ake bi don ita ce ta ƙarshe. Amma faranti iyaka kawai yake faɗa, ba ya faɗin abin da motar take ɗauke da shi yau. Kada a sayi ko taya ɗaya sai an kai ta sikeli. Akwai sikelin manyan motoci a wajajen Apapa da Ijora, da wurin masu sayen ƙarfe. Ku loda ta kamar gobe za a tafi: tankin ruwa cike, tankin mai cike, tukunyar gas, janareta, akwatuna, kowa ya zauna a kujerar da zai zauna, ko a aza buhuna masu nauyinsu. A hau da ƙafafun gaba kaɗai a rubuta, a hau da motar duka a rubuta, sannan a matsa gaba a bar na baya kaɗai a kan sikeli. Biyun nan in an haɗa su ya kamata su yi kusa da jimlar. In sun yi nisa da ita, bakin sikelin ba a miƙe yake ba, a sake. In wurin yana da fili a gefe, a auna hagu da dama daban, don kicin da firij da batura sukan taru a gefe guda.

Baba Ɗanjuma Direba:
Injiniya, lissafinku na da kyau a takarda. Amma hanya ba takarda ba ce. In taya ta fashe tsakanin Mokwa da Tegina, wa zai ba shi wannan CP ɗin? Ta Hiace kuwa ko a ƙauye sai ka samu rataye a rumfar mai faci. Kuma motocin haya nawa ke ɗaukar mutum goma sha takwas da kaya a kanta kullum?

Alhaji Garba Mai Taya:
Baba, ranka ya daɗe, suna ɗauka, kuma ɓallen tayoyinsu ne zube a gefen titi daga Ogere har Ilori. Amma maganarka ta samuwa gaskiya ce, ba a raina ta. Shi ya sa ni ba zan ce lallai sai CP ba. Tayar CP an yi ta ne musamman don irin waɗannan motoci, gefenta ya fi kauri, tana jure doguwar tsayuwa da lodi, kuma ana iya ba ta iska har bar 5.5 (bar ma'aunin ƙarfin iska ne) a baya. Michelin na da Agilis Camping, Continental na da VanContact Camper. Sai dai a nan ba kaya ne mai tafiya ba. Wanda ya ajiye ta a shago ba ya samun mai saye, in ka ci sa'a ka same ta, duba kwanan wata, ta yiwu ta shekara uku a kan kanta.

Abin da zan nuna muku shi ne 225/70 R15C 112/110. Kilo 1,120 kowace, biyu 2,240. Wannan lamba ita ce ta tsohuwar Sprinter da Volkswagen LT, kuma kun san yadda LT ta cika Legas, don haka ana samunta a kasuwannin Trade Fair da Ladipo na Legas, da manyan garuruwan hanya irin su Ibadan da Ilori da Kaduna. Tana hawa wilin Ducato mai faɗin inci 6 ba tare da an canza komai ba.

Hajiya Binta Sufuri:
Alhaji, a ja kunnensa a kan harafin C ɗin nan, alamar tayar motocin ɗaukar kaya. Akwai 225/70 R15 ta jif, lamba ɗaya sak, amma babu C, lodinta 100 ne, kilo 800 kacal. Ta fi araha, ta fi kyan gani, wasu ma har da farin rubutu. Yaran shago in ka ce musu 225/70/15 abin da ke kusa da hannu za su mirgino maka. Ka karanta da idonka: C bayan 15, sannan 112/110, galibi da 8PR a gefe. In ɗaya daga ciki babu, a mayar.

Usman Idi-Araba:
Na gode Hajiya. Amma tunda ta fi ta asali girma, ba za ta riƙa goga jiki ba? Mitar gudu fa?

Injiniya Habibu:
Lissafin ba wuya. Lambar tsakiya kaso ne na faɗin taya. A 215/70, tsayin gefe kashi 70 cikin ɗari na milimita 215 ne, wato 150.5. Ninka biyu, 301, ka ƙara wili inci 15 wanda yake milimita 381, ka sami 682. A 225/70 gefen 157.5 ne, biyu 315, da wili 696. Bambancin milimita 14 a tsayin taya duka, bakwai ke nan daga tsakiya zuwa ƙasa, kashi biyu cikin ɗari. Inda mita take nuna 100 a da, yanzu kana kan 102. Ba abin damuwa ba ne. Bayan an ɗaura, a murɗa sitiyari har ƙarshe hagu da dama, a zura hannu a ji ko akwai inda take kusa da robar cikin mudgad ko tiyon burki.

Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a haɗa girma biyu, 215 a gaba 225 a baya. Na'urar burki ta ABS juyin kowace ƙafa take ƙirgawa tana kwatantawa, kuma safaya ɗaya ba za ta yi wa duka biyun ba.

Nura Apapa:
Me zai hana a koma wili 16 kawai a huta? 225/75 R16C har 121 ake samu, kilo 1,450.

Injiniya Habibu:
Oga Nura, tsada ce ba riba. Tsayin waccan milimita 744 ne, kashi tara cikin ɗari sama da ta yanzu, sai an sake saita kwamfutar motar, kuma za ta yi nauyin tashi a tudu. Ga rikicin ramukan wili: ƙaramar Ducato rami biyar ne a zagayen milimita 118, babbar Maxi rami biyar a 130. Ido ba ya bambance su sai an zo ɗaurawa. Sannan ko tayar tirela ka sa, iyakar ƙafafun baya tana nan 2,000, don sifirin da boris da burki ba su canza ba. Taya mai ƙarfi rata take ba ka, ba lasisin ƙara kaya ba.

Usman Idi-Araba:
An dawo daga sikeli. Gaba 1,590, baya 1,960, jimla 3,550. Ba su da filin auna gefe-gefe.

Injiniya Habibu:
Madalla, yanzu muna magana da hujja. Na ɗaya, kun haura jimla da kilo 50, sai an rage. Na biyu, dubi bayan. Kilo 1,960 a kan tayoyin asali masu 2,060 kashi 95 cikin ɗari ne na ƙarfinsu. Kowace tana ɗauke da 980 in nauyin ya rabu daidai, kuma ba ya rabuwa daidai. In gefen kicin ya ɗara 980 ɗin nan da kilo 60 kawai, tayar wannan gefen tana kan 1,040, ta wuce 1,030 ɗinta. Da ta Hiace kuwa an wuce iyaka tun motar na tsaye. Da 112 kuna kan kashi 87 da rabi. Shawarar da aka saba bayarwa a irin waɗannan motoci ita ce a bar ratar kashi goma, kuma a zafinmu da ramukanmu ni ba zan sauka ƙasa da haka ba.

Ina janaretan yake?

Usman Idi-Araba:
A kan wani ƙarfe da aka yi masa walda a bayan bamba. Shi da jarkar mai za su kai kilo 60.

Injiniya Habibu:
Nan ciwon yake. Duk abin da aka rataya a bayan ƙafafun baya, nauyin da yake ɗora musu ya fi nauyinsa. A ce tsakanin ƙafar gaba da ta baya mita 3.8 ne, janaretan kuma yana mita ɗaya da rabi a bayan ƙafar baya. Haɗa 3.8 da 1.5, 5.3 ke nan, raba da 3.8, ninka da 60: kusan kilo 84 a kan baya, gaba kuma ya yi sauƙi da 24. Ducato da gaba take ja, da gaba take juyawa, kun rage mata riƙon ƙasa a inda ta fi bukata. A shigo da shi tsakiyar mota a ɗaure a ƙasa, ba mai a cikinsa, a riƙa fito da shi waje in za a tayar. Ruwa kuma lita ɗaya kilo ɗaya ne. In tankin lita ɗari ne, a tashi da lita talatin, a cika in an sauka. Wannan kaɗai ya share kilo 50 ɗin da kuka haura har da canji.

Baba Ɗanjuma Direba:
To na ji ta lodi, na sallama. Amma iskar da kuke shirin dura mata ita ce ba ta kwanta mini ba. Taya mai tauri kamar dutse a ranar Arewa, ai ita ke fashewa. Direbobin da suka san hanya in sun isa Mokwa da rana sukan ɗan sassauta iska, su watsa wa taya ruwa.

Malam Isa Mai Faci:
Baba, da girmanka, wannan al'adar ta kashe tayoyi fiye da ƙusa. Ba roba ke ɗaukar mota ba, iskar ciki ce. In iska ta yi ƙasa, gefen taya yana lanƙwashewa ya miƙe a kowane juyi, sau ɗaruruwa a minti ɗaya. Ɗauki waya ka yi ta lanƙwasa ta a wuri ɗaya, za ka ji ta yi zafi kafin ta karye. Abin da ke faruwa da zaren cikin taya ke nan. Taya in ta yi tafiya dole gejinta ya hau, kuma masu ƙera ta sun san da haka, sun bar masa wuri. Wanda ya sace iskar a lokacin, da yamma in ta huce sai ta koma ƙasa da inda ta fara, gobe ta fi yin zafi, ya ƙara ragewa. Haka ake yi har ta tashi. In taya ta yi zafin da hannu ba zai iya zama a kanta ba, a tsaya a inuwa rabin awa, a duba ko burki ne ke kamawa ko boris. Amma bawul kada a taɓa shi.

Injiniya Habibu:
Ga lambobin, Baba, don a gani. Tayar 225/70 R15C tana ɗaukar kilo 1,120 ɗin nan ne a bar 4.5, wato psi 65, an rubuta a gefenta. A bar 4.0, psi 58, biyun suna ɗaukar kusan 2,040. A psi 40 da yawancin masu faci ke tsayawa in ba ka yi magana ba, kusan 1,500 ne. Kun ga tayar da aka saya da tsada ta koma ƙasa da ta Hiace saboda iska kawai.

Don haka, Usman: baya psi 65, gaba psi 50 zuwa 52. Gaba ba ya bukatar 65, in ka ba shi motar za ta riƙa tsalle, tsakiyar zanen ya cinye, burki kuma ya rage kamu a jiƙaƙƙen titi. A auna da safe kafin a motsa, ko bayan ta tsaya awa biyu zuwa uku ba a rana ba. Kowane digiri goma na zafi yana motsa gejin irin wannan taya da kusan bar 0.2, shi ya sa awon tsakar rana ba abin dogaro ba ne.

Sai tarko ɗaya. Takardar iska da ke jikin ƙofar direba wataƙila ta ce bar 5.0 ko 5.5. Wannan na tayar CP ne. Kada a dura psi 80 a tayar C mai iyakar 65. A rubuta sababbin lambobin da maka a manna a kan tsohuwar, saboda ba kullum kai ne za ka kai ta shan iska ba.

Malam Isa Mai Faci:
Kuma ka sayi gejinka na kanka mai kaiwa psi 100. Na ƙananan motoci da yawa a 50 ko 60 suke ƙarewa. Na bakin titi kuma ya sha faɗuwa ƙasa, ba a san abin da yake karantawa ba. Bugun taya da sifana a saurari ƙara ba awo ba ne.

Bawul ma sabo za a sa a kowane wili. Na robar nan da ake ja da filaya, TR413, iyakarsa psi 65, kuma nan za ku zauna tun taya na sanyi. A nemi na ƙarfe mai noti, ko TR600HP. In wilin ya zo da na ƙarfe tun daga can, a canza 'yar robar gindinsa da allurar ciki. Bawul da ya tsufa ta gindi yake tsagewa, iska ta riƙa zurarewa a hankali a kan gudu, sai a ɗora wa taya laifi.

Nura Apapa:
Tunda kuɗin taya biyar ba wasa ba ne, wani zai kawo masa shawarar Beljiyam mai kyau, wato tayar da aka riga aka yi amfani da ita a Turai. Gara a faɗa tun yanzu. Tsofaffin tayoyi suna cikin jerin kayan da Kwastan ta haramta shigowa da su, in ban da manyan na tirela da ake kawowa don a sake musu zane. Duk wadda ka gani a kasuwa ta bayan fage ta shigo. Kuma tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta bi bayanta a Ikeja, kasuwar ta koma hannun masu shigo da kaya, nagari da mugu. Ko sabuwa ce sai an duba, don akwai masu cusa taya uku ko huɗu cikin juna a kwantena don rage kuɗin dako da haraji. Hukumar kula da ingancin kaya, SON, ta sha kama irinsu. Wadda aka cusa, bakinta da ke kama wili ya riga ya lanƙwashe, wayar ciki ta ji rauni.

Hajiya Binta Sufuri:
Beljiyam ɗin ma yawancinta tayar hunturu ce. Za ka ga hoton dutse mai kai uku da ƙanƙara a ciki, zanen kuma cike da ƙananan yanka. Robarta laushi gare ta don sanyin Turai, a kwaltar nan narkewa take yi kamar ana kankare ta. Araha ba ta ado.

Alhaji Garba Mai Taya:
Ga yadda ake duban sabuwa a shago, kafin a biya. A cire ledar. A tsayar da ita a ƙasa a mirgina, a ga ko tana tafiya a miƙe ko tana rangaji. A bi bakinta da yatsa zagaye ɗaya, ciki da waje. In akwai inda ya lotsa ko robar ta yage, an cusa ta ko an zare ta da ƙarfe. A haska tocila a ciki a nemi faci ko ƙuraje. Lambobin kwanan wata a cikin roba aka gasa su, in wurin ya yi santsi daban da kewayensa, ko ya yi kamar an goge da sanfefa an sake bugawa, a bar ta. Biyar ɗin su zama kamfani ɗaya, zane ɗaya, kwanan watansu kusa da juna, kuma kada ya wuce shekara ɗaya da ƙerawa. A karɓi rasit mai ɗauke da lamba da kwanan watan kowace.

Ban ce sai mai tsadar suna ba. Akwai tayoyin Asiya masu nagarta da motocin haya ke morewa. Sai dai a saya wurin dilan da ke da adireshi, wanda gobe za a same shi.

Usman Idi-Araba:
Shekara nawa za su yi kafin a sake? Na ji ana cewa huɗu, na ji goma.

Hajiya Binta Sufuri:
Duka biyun ka ji daidai. Hukumar kiyaye haɗurra, FRSC, shekara huɗu take faɗa daga ranar ƙerawa, kuma da shi jami'anta ke duba taya a hanya. Michelin kuma cewa take yi daga shekara biyar a riƙa kai wa masani yana dubawa duk shekara, in ta kai goma a cire ko da zanen bai taɓu ba. Goman nan iyaka ce ta ƙarshe, ba alkawari ba. Motar da za ta bi ta gaban jami'ai tun daga Legas har Kano, ta kuma yi wata uku tana shan rana a tsakar gida, ka yi mata lissafin huɗu. Shi ya sa Alhaji ya ce kada ka karɓi wadda ta kwana biyu a shago, shekarun da ta yi a can daga naka ake cirewa.

Baba Ɗanjuma Direba:
In kuɗi bai kai biyar ba, a sa sababbi biyu a gaba tunda nan inji yake, a lallaɓa da sauran.

Injiniya Habibu:
A wannan motar babu sauran da za a lallaɓa da su, Baba, duka 'yan 2016 ne. Amma ko nan gaba in biyu za a canza, baya ake sa sababbi. Nan nauyin yake, kuma gaba in ya zame direba yana ji a sitiyari ya gyara, baya in ya ƙwace a cikin ruwan Yuni sai dai motar ta juyo tana kallon inda ta fito. Ga ta da tsayi, iska na kaɗa ta. Zane kuma kada a jira ya kai milimita 1.6 na ƙa'ida, daga uku a fara shiri.

Usman, leƙa ƙarƙashin bayan motar, akwai safaya kuwa? Da yawansu ba sa zuwa da ita, sai ɗan kwalin gam da famfo.

Usman Idi-Araba:
Babu, Injiniya. Kwalin ne kawai a ƙarƙashin kujera.

Malam Isa Mai Faci:
Gam ɗin nan ramin ƙusa yake toshewa, shi ma in bai lalace ba. Tayar da ramin titi ya yanka ta gefe ba abin da zai yi mata. A nemi wili na biyar, 15, rami biyar a 118. Peugeot Boxer da Citroën Jumper duk jikinsu ɗaya da Ducato, nasu na hawa. A gwada shi a jikin motar kafin a biya. Nauyinsa da taya zai haura kilo ashirin, a sa shi cikin lissafin Injiniya, kada kuma a rataye shi inda aka cire janareta.

Wajen ɗaurawa ka tsaya a kansu. A kankare tsatsar bakin wili da burushin ƙarfe. Ruwan sabulu ake shafa wa bakin taya, ba baƙin mai ko giris ba, suna cin roba. A yi balansin duka biyar. Jak a ƙarƙashin shasi inda aka tanada, ba a ƙasan ɗaki ba, katako ne, ga tankuna. Kusoshin wili a fara da hannu, a ɗaure su a tsallake, ɗaya nan ɗaya can, a ƙarasa da sifana mai awo a Nm 160, shi ne na wili 15. Yaro ya sa bututu a sifana ya hau yana tsalle, wannan miƙar da kusoshi yake yi, ranar da ka bukaci kwancewa a daji ba za su kwantu ba ko su karye. Bayan kilomita hamsin a sake bi da sifanar. A yi alaimen, don motar da ta sha ɗauri a jirgi ta kuma bi ramukan Apapa da wuya saitinta ya zauna.

In ƙusa ta shiga a hanya, igiyar faci da ake turawa cikin ramin ta waje ta kai ka gari ne kawai. A cire tayar a duba cikinta, a yi faci ta ciki. Ramin da ya wuce milimita shida, ko wanda yake a kafaɗa ko a gefe, ba ya facuwa. Kuma duk wanda ya ce a zura tib a cikin tubles a wuce wurin, ka ce a'a. Cikin tubles yana da gurje-gurje, yana goga tib ɗin har ya huda shi, iskar kuma a lokaci ɗaya take fita ta ramin bawul.

Hajiya Binta Sufuri:
In an dawo za a ajiye ta, a rufe tayoyin daga rana, ko da kwali ne ko buhu mai haske. Kada a bar ta tsaye cikin kwatami ko inda gas da baƙin mai ke zuba, kada kuma a jingina ta da ɗakin janareta ko wurin walda. In ƙasa ce ba siminti ba, a sa katako mai faɗin da ya wuce tayar. A bar iskar a cike, a sauke ruwa da kaya, duk wata a fita da ita ta yi tafiyar minti ashirin zuwa talatin. Man ƙyalli da masu wankin mota ke shafawa a hana su, ruwa da sabulu ya isa.

Usman Idi-Araba:
Allah Ya saka da alheri. An sami 225/70 R15C 112/110 guda biyar, amma huɗu harafinsu R, ɗaya S, zanenta ma ya ɗan bambanta. A karɓa?

Alhaji Garba Mai Taya:
R kilomita 170 ne, S 180, duka sun wuce Q ɗin asali, nan ba matsala. Zanen ne abin dubawa. Huɗun nan masu kama ɗaya su hau mota, mai S ta zama safaya, in dai lodinta 112 ne kuma kwanan watanta sabo. In ta hau a hanya, a sauke ta da zarar an gyara waccan. Turo hoton lambobin DOT na duka biyar kafin ka ba da kuɗi.